Yadda Darasin Ɗa'ar Sana'a Ya Shiga Manhajar Ilimin Kwamfuta a Jami'o'in Amurka

A shekara ta 1968 ne ƙungiyar masana kwamfuta ta Amurka, watau ACM, ta fitar da cikakkiyar manhajarta ta farko domin ɗalibai masu neman digirin farko. Lissafi da tsara umurnin na'ura su ne suka mamaye ta. Batun abin da na'urar za ta jawo wa jama'a kuwa bai samu gurbin kirki ba, alhali tun 1950 Norbert Wiener ya yi gargaɗi cewa injuna masu sarrafa kansu za su raba ma'aikata da aikinsu. Sai a manhajar 1978 aka sa darasi guda a kan kwamfuta da al'umma, shi ma na zaɓi: wanda ya ga dama ya ɗauka.

Daga nan sai haɗari ya nuna nauyin al'amarin. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gasa ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar wani kamfanin Kanada, ta zuba wa majinyata shida hasken da ya wuce kima nesa ba kusa ba, a asibitocin Amurka da Kanada. Aƙalla uku daga cikinsu suka rasu. Na'urar da ta gabace ta tana da makullin kariya a jikin injin, wanda yake katse hasken idan an yi kuskure. A sabuwar sai aka cire shi, aka dogara ga umurnin kwamfuta kaɗai. Idan ma'aikaci mai saurin hannu ya gyara abin da ya buga cikin ƴan daƙiƙoƙi, sai umurnin ya rikice, allon kuma ya nuna wata lambar matsala wadda ba ta bayyana masa kome. Da aka fara kai ƙara, kamfanin cewa ya yi hakan ba zai yiwu ba. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka buga a 1993 ya nuna cewa laifin ya wuce kuskuren layi ɗaya: gwaji ya yi ƙaranci, ba a rubuta bayanin aiki yadda ya kamata ba, ba a kuma saurari masu kuka ba. Waɗannan duka al'amura ne na ɗa'ar sana'a, shi ya sa labarin ya zama karatun aji.

A manhajar 1991, wadda ACM ta tsara tare da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, aka mai da batun wajibi ga kowane ɗalibi. Ta 2001 ta yanka masa awa 16 cikin awa 280 na darussan dole, a kan sirrin mutane, haƙƙin mallakar fasaha da alhakin mai ƙira. A ganinmu rabon ya yi kaɗan, amma ya fi babu. Ta 2013 ma awa 16 ɗin ta bari.

Gardamar da ta fi daɗewa ita ce ta wurin da za a ajiye darasin. Idan aka ware shi, galibi a ƙarshen karatu, ɗalibai sukan ɗauke shi abin cika sharaɗi. Idan kuma aka barbaza shi cikin sauran darussa, malamin da bai samu horo a kansa ba shi yake fara tsallakewa in lokaci ya ƙure. Masu tsara yaƙi da jahilci sun san irin wannan muhawara, domin ita ce aka yi a taron Tehran na 1965, inda aka nemi a haɗa koyon karatu da sana'ar mai koyo.

A 2017 jami'ar Harvard ta gwada hanya ta uku, bisa jagorancin Barbara Grosz, masaniyar kwamfuta, da Alison Simmons, masaniyar falsafa. Mai nazarin falsafa ne yake shiga ajin kwamfuta, ya ɗauki zama ɗaya ko biyu, ya tayar da tambayar ɗa'a daga cikin aikin da ɗaliban suke yi a wannan darasin.