Injin da ke rawa: yadda ake gano silindar da ta daina kama wuta

Yawancin ƙananan motocin fetur suna da silinda 4. A cikin kowace ɗaya, fistan yana zuƙo iska da mai, ya matse su, buji (wanda a Najeriya ake kira fulogi) ya ba da tartsatsi su kama wuta, sannan hayaƙi ya fita ta salansa. Silindojin suna karɓa-karɓa, galibi bisa tsarin 1-3-4-2. Idan ɗaya ta tsallake nata zagayen, sai injin ya riƙa rawa a tsaye, mota ta yi ta fizga idan an taka totur, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru.

Jinkirin gyara yana da tsada. Man da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya kuma wuce ya ƙone matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Idan fitilar injin da ke gaban direba tana ƙyaftawa, alama ce matsalar ta kai wannan matakin, kuma ya kamata a tsaya.

Matakin farko shi ne gano silindar da ke da laifi. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Lamba P0301 tana nufin silinda ta 1, P0302 ta 2, haka har zuwa ƙarshe. P0300 kuwa tana nuna matsalar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Inda babu na'ura, makanike yakan cire wayar injekta ɗaya bayan ɗaya, injin yana aiki. Silindar da aka cire wa amma sautin injin bai canja ba, ita ce matacciya.

Daga nan sai a bi abubuwa uku, daga mai arha zuwa mai tsada: wuta, mai, matsi.

Wuta: a kwance buji a duba bakinsa. Ruwan ƙasa mai haske lafiya ce. Baƙin tokar hayaƙi yana nuna mai ya yi yawa, fari fat yana nuna mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Idan ya jiƙe da baƙin mai, ringi ko robar bawul sun gaji. Sai a musanya bobin, wato koyil, da na wata silinda. In matsalar ta bi shi, shi ne ya mutu.

Mai: injekta tana toshewa da datti. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya, wanda ake kira zuwa-zuwa a Kamaru, kpayo a Benin, yakan zo da ƙura ko ruwa. Gurɓataccen mai, ko famfon mai da ya raunana, ko tiyon iska da ya tsage, sukan taɓa silindoji da yawa lokaci guda.

Matsi: ana auna shi da geji ta ramin buji. Bai kamata bambanci tsakanin silindoji ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Idan ɗaya ta yi ƙasa, a ɗiga ɗan baƙin mai a ramin a sake aunawa. In awon ya tashi, ringi ne. In bai tashi ba, bawul ne. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, musamman da farin hayaƙi da raguwar ruwan lagireto, suna nuna gasket ɗin kan injin ya ƙone.

Mai mota yana da haƙƙin tambayar makanike abu biyu kafin ya biya kuɗin kayan gyara: wace silinda ce, kuma wane gwaji ya nuna hakan. Sauke injin shi ne mataki na ƙarshe, bayan awon matsi ya tabbatar da buƙatarsa.