Tauraruwa Mai Wutsiya da Takardun da Iska Ta Watsa

A shekarar 1969, wadda a cikinta ne Amurkawa suka taka wata, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga wani ɗan littafi na Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, hikayar yaro Kilba wanda wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka ya yi yawo da shi, kuma a ganina babu littafin Hausa na wancan zamani da ya kai shi ƙarfin hali, domin ya ɗauko abin da aka saba jingina wa aljannu ya ɗora shi bisa na'ura da ilmin falaki. Hanyar littattafan Zariya zuwa yankinmu na Gusau kuwa ta buɗe ne a 1929, lokacin da dogo ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya dangana da Ƙauran Namoda.

Amma abin da ke damun mai ƙaunar irin wannan littafi shi ne makomar takardun marubuci, wato rubutun hannunsa na farko, da gyare-gyarensa a gefen shafi, da wasiƙunsa da maɗaba'a, waɗanda gara da ɗigar damina ba su san darajarsu ba. Mu kuwa mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana zafin irin wannan hasara ba, saboda 'Yandoto, tsohuwar alƙaryar malamai da ke kusa da Tsafe, ta ga ranar da littattafanta suka tarwatse a farkon jihadi, har Muhammadu Bello ya ambata cikin Infaƙul Maisuri, a raddinsa ga Shehu Alkanemi na Barno, cewa shi da kansa ya yi ta tsintar takardun da iska ke kwasa har ya gaji.

Magabata sun adana ilminsu cikin gafaka, tsakanin tadarishi biyu, almajiri na kwafa daga malaminsa. A zamaninmu Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa da mawaƙa ya taskace tarihinsu da waƙoƙinsu, hidimar da marubutan ƙagaggun labarai su ma suka cancanta. Gidan Arewa na Kaduna yana nan tun 1970, Jami'ar Tarayya ta Gusau kuma tun 2013, kuma wajibi ne magadan marubuta su kai musu akwatunan iyayensu tun rubutun yana karantuwa.