ME YA SA RANA KE FITOWA DAGA GABAS? TARIHIN GARDAMAR SHEKARA 2,000



Tambayarmu ta yau irin wadda yaro zai yi ce a yi masa dariya: me ya sa kullum rana ke fitowa daga gabas ta faɗi yamma? Abin ya zauna mana ƙwarai, har kalma ɗaya muke kiran ɓangaren da take faɗuwa da lokacin faɗuwar tata, wato yamma. Amsar a taƙaice ita ce, duniyar da muke kai ce ke juyawa daga yamma zuwa gabas, zagaye ɗaya a kwana guda. Tunda gabas muke nufa, ta can muke fara hango rana. Magana ce mai sauƙin faɗa, amma sai da aka kwashe sama da shekara 2,000 ana tafka gardama kafin a nuna wa mutane ita ido da ido.

Mu fara da Girka. A ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masani mai suna Heraclides ya ce duniya ce ke juyawa. Maganar ba ta karɓu ba. A ƙarni na 2 miladiyya, Ptolemy na birnin Iskandariyya a Masar ya rubuta littafin da Larabawa suka kira Almajisɗi, ya kafe cewa duniya a tsaye take cak. Kuma fa hujjarsa ba ta wasa ba ce. Cewa ya yi in da gaske duniya na gudu zuwa gabas, ai za mu ga gizagizai da tsuntsaye ana barinsu a baya, kullum suna zamewa yamma. Ku faɗi gaskiya, da kuna wurin, wa za ku bi? Ra'ayinsa ne ya yi sarauta fiye da shekara 1,000.

A ƙasar Indiya kuwa, a shekarar 499, wani matashi ɗan shekara 23 mai suna Aryabhata ya kawo misali mai kama hankali. Wanda ke cikin kwalekwale, in ji shi, gani yake abubuwan bakin kogi na tafiya baya, alhali suna nan inda suke. Haka taurari suke mana. Duk wanda ya taɓa leƙa tagar mota a hanyar Kano zuwa Zariya ya ga bishiyoyi na gudu baya, ya san abin da ake nufi. Sai dai manyan masanan ƙasarsa da suka biyo baya, irin su Brahmagupta, sun yi watsi da batun.

Malaman Musulunci ma sun shiga wannan muhawara. Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya tattauna ta a littafinsa kan Indiya. Abin burgewa shi ne adalcinsa: ya nuna cewa ko ka ɗauka duniya ke juyawa, ko ka ɗauka sama ce, lissafin taurari ɗaya zai fito, don haka lissafi kaɗai ba zai raba gardamar ba. Shi kansa ya fi karkata ga cewa duniya a tsaye take, amma bai raina masu ɗaya ra'ayin ba.

A 1543 littafin Copernicus, mutumin Poland, ya fito yana cewa duniya na juyawa a kanta, tana kuma kewaya rana. Galileo na Italiya ya mara masa baya a 1632, ya kuma amsa tsohuwar hujjar Ptolemy da misalin jirgin ruwa: in kana cikin ɗakin jirgin da ke tafiya sumul, ka saki abu, a gabanka zai faɗi, don ku duka tafiya ɗaya kuke yi. Haka iska da tsuntsaye ke tafiya tare da duniya. A 1633 kotun cocin Katolika ta tilasta masa janye maganarsa, ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida.

To yaushe aka gani da ido? Sai a 1851. Léon Foucault, Bafaranshe, ya rataya ƙwallon ƙarfe mai nauyin kilo 28 da waya mai tsawon mita 67 a cikin ginin Panthéon na birnin Paris, ya sake shi yana lilo. Ba wanda ya taɓa shi, amma layin lilon ya riƙa karkata kimanin digiri 11 a kowace awa. Ƙasan ginin ne ke juyawa a ƙarƙashinsa. Mutane suka yi ta tururuwa suna kallo. Yau mun san cewa a tsakiyar duniya gudun juyawar ya kai kimanin kilomita 1,670 a awa.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Rana ba ta fitowa daga ainihin gabas sai sau biyu a shekara, wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba. Dalili kuwa, duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi yayin da take kewaya rana. Shi ya sa a watan Yuni mafitar rana ke matsawa arewa, a Disamba ta koma kudu. Mutanen da sun lura da haka tun da daɗewa. A Abu Simbel da ke kudancin Masar, an sassaƙa haikalin Fir'auna Ramses na Biyu ta yadda hasken hantsi ke ratsawa har ƙuryarsa sau biyu a shekara, wajen 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba.

A Kano, mafitar rana kan matsa kusan digiri 24 arewa da gabas a Yuni, ta matsa kusan digiri 24 kudu a Disamba. Mu kuma mun saba cewa "fuskanci gabas" in muna nufin alƙibla. Alhali daga Kano, alƙibla tana wajen digiri 22 ne arewa da ainihin gabas. Ke nan matafiyin da ya bi mafitar rana a Yuni ya kusa dacewa, amma in ya yi haka da hunturu, a Disamba, zai kauce da fiye da digiri 40. Wannan ba ƙaramar tazara ba ce.

Ga ɗan aikin gida. Gobe da asuba ku tsaya wuri ɗaya a ƙofar gida, ku lura da bishiya ko ginin da rana ta ɓullo ta bayansa, ku ɗauki hoto. Bayan wata biyu ku dawo daidai wurin ku sake ɗauka. Ku turo mana abin da kuka gani, tare da sunan garinku.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.