Bandar Kifi da Gamalin a Tukunyar Ƙofar Ruwa

Duk da sunan da take ɗauke da shi, unguwar Ƙofar Ruwa da ke arewacin birnin Kano ba ta taɓa zama mazaunin masunta ba. In ban da 'yar tarwaɗar da akan kama a kududdufai, akasarin kifin da ke shiga miyar mutanenta baƙo ne, watau banda daga fadamun Haɗeja da Nguru da kuma Tafkin Chadi. Isar layin dogo Nguru a 1930 ta ƙara sauƙaƙa wannan fatauci.

Tafiya mai nisa kuwa ita ce abokiyar gabar busasshen kifi. Ƙwaro kan shige shi ya rarake naman, har uwargida ta ɓare kifi ta tarar da gari da tsutsa kawai. Asara ce da ɓacin miya, amma aibi ne wanda ido ke gani, saboda haka mai saye kan girgiza kifin, ya shinshina, kafin ya biya.

Al'amarin ya sauya da bayyanar Gammalin 20, wanda Hausawa ke kira gamalin, maganin ƙwari mai sinadarin lindane da aka shigo da shi musamman domin gonakin koko na kudu. Wasu masunta suka riƙa zuba shi a ruwa a madadin majimfa, tsiron da kakanninsu ke bugar da kifi da shi. Sai dai gamalin ba ya barin babba, ba ya barin ƙarami, har ƙwai yakan hallaka. Wasu fatake kuma suka shiga yayyafa shi a kan banda don kada ta lalace a hanya. Wannan ya zo daidai da janyewar Tafkin Chadi bayan farin shekarun 1970, lokacin da kifi ya yi tsada, asararsa ta ƙara ciwo ga ɗan kasuwa.

A nan ne ma'aunin uwargida ya juye. Kifin da ƙuda ke bi, wanda a da ake ƙyama, shi ya zama abin natsuwa. Wanda ya fito tsaf, ko ƙuda bai sauka a kansa ba, shi ake tuhuma. Wanki da ruwan zafi da gishiri yana fid da tsutsa, amma ba ya raba kifi da dafin da ya riga ya shiga kitsensa.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba, kuma a 2009 Yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da lindane a harkar noma. Sai dai doka ba ta zuwa cefane, don haka har yau tsofaffin mata kan tsaya su dubi ƙuda kafin su taya banda.