Haikalin Nan Hua: Tarihi da Rayuwar Mabiya Buda a Afirka ta Kudu

Haikalin Nan Hua shi ne wurin ibadar mabiya addinin Buda mafi girma a nahiyar Afirka. Yana gefen garin Bronkhorstspruit, kimanin kilomita 50 gabas da Pretoria, a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu. Duk wanda ya biyo babbar hanyar da ta nufi Mozambik yakan hango shi tun daga nesa: doguwar ƙofa, manyan ginshiƙai, da rufin tayil mai lanƙwasassun baki irin na fadojin sarakunan Sin na da, ga shi kuwa a tsakiyar ƙasar noma ta Turawan Boer. 'Yan Taiwan ne suka assasa shi a 1992. Yau yawancin waɗanda aka gina shi dominsu sun bar ƙasar, amma haikalin bai mutu ba, domin tun da wuri ya haɗa ibada da makaranta da biki da taimakon maƙwabta.

Addinin Buda a Afirka kafin 1992

Addinin ya samo asali ne daga koyarwar Siddhartha Gautama, wato Buda, wanda aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Daga Indiya addinin ya bazu zuwa Sri Lanka da Tailan da Bama, ya kuma shiga ƙasar Sin a ƙarni na 1 na Miladiyya. Afirka kuwa, 'yan ci-rani ne suka kawo shi. A farkon ƙarni na 20 wasu 'yan Sri Lanka da suka zo neman abinci Darussalam, a Tanzaniya ta yau, suka haɗa ƙungiya, suka sayi fili a unguwar Upanga, suka dasa itacen bodi da aka kawo tsironsa daga ƙasarsu, wato irin itacen da suka yi imani a gindinsa Buda ya sami wayewa. Haikalin da suka kafa a wurin na nan har yanzu, kuma shi ake ɗauka mafi daɗewa a nahiyar. A Afirka ta Kudu ma akwai wasu Indiyawan lardin Natal da suka rungumi addinin tun wajejen 1917, sannan a 1980 Louis van Loon ya buɗe wata cibiyar keɓewa don zuzzurfan tunani a Ixopo.

Tsarin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A da, fataken goro da ke tashi daga Jega ta ƙasar Gwandu su nufi Gwanja, duk inda suka yada zango suka daɗe, masallaci suke fara tayarwa, sai ya zama nan ake salla, nan ake ɗaura aure, nan baƙo ke sauka ya nemi mai masauki. Haikalin Buda a ƙasar waje ma irin wannan nauyi yake ɗauka ga mutanensa.

Yadda aka kafa shi

A shekarun 1980 ƙasashen duniya sun juya wa Afirka ta Kudu baya saboda mulkin wariyar launin fata, ita kuma Taiwan tana fama da ƙarancin ƙawaye saboda matsin lambar Sin. Sai biyun suka riƙe juna. Gwamnatin Pretoria ta yi wa masu jari na Taiwan tayin rangwamen haraji da tallafi, suka zo suka buɗe masaƙu da masana'antun tufafi da takalma da robobi a garuruwa irin su Newcastle da Ladysmith da Botshabelo. An ƙiyasta cewa a lokacin da abin ya kai ƙololuwa, 'yan Taiwan da ke ƙasar sun kai wajen 30,000.

Garin Bronkhorstspruit ma ya so ya sami rabonsa. Shugaban gudanarwar majalisar garin, Dakta Hennie Senekal, wanda tsohon limamin coci ne, ya je Taiwan neman masu zuba jari. A watan Maris na 1992 majalisar ta ba ɗariƙar Fo Guang Shan kyautar fili hekta 6, da fatan haikalin zai jawo 'yan Taiwan su zauna, su gina gidaje, su kawo kuɗi. Aka soma gini a watan Oktoban wannan shekara, ƙarƙashin wani sufi mai suna Hui Li, wanda ya zama shugaban haikalin na farko. Unguwar da ta taso a kewaye ita ce Cultura Park. Ginin ya ɗauki shekaru, domin sai a 2005 aka yi bikin buɗe babban ɗakin ibada.

Ita ɗariƙar Fo Guang Shan, malami Hsing Yun ne ya kafa ta a 1967 kusa da birnin Kaohsiung na kudancin Taiwan. An haife shi a lardin Jiangsu na ƙasar Sin a 1927, ya ƙaura Taiwan a 1949, ya rasu a watan Fabrairun 2023. Koyarwarsa ita ce kada sufi ya tsere wa mutane ya ɓuya a kan dutse. Addini ya shigo cikin gari, ya yi wa masu rai amfani. Ya ɗora aikin ɗariƙar a kan ginshiƙai huɗu: al'adu, ilimi, taimakon jama'a, da ibada. Da wannan manufa aka gina haikalin Hsi Lai kusa da Los Angeles a Amurka a 1988, da Nan Tien a Wollongong ta Ostireliya a 1995. Nan Hua shi ne hedikwatar ɗariƙar a Afirka.

Rayuwar yau da kullum

Mazauna haikalin na dindindin sufaye ne maza da mata, masu askakken kai, waɗanda ba sa aure kuma ba sa tara dukiyar kansu. Ranarsu tana farawa tun da jijjifi. Ƙararrawa da ganga ke tashin su, su jeru a ɗakin ibada su yi karatun safe da murya ɗaya, wani na buga wani ɗan kurtun itace mai siffar kifi don daidaita saurin karatun. A babban ɗakin akwai manyan gumaka uku a zaune: Sakyamuni, wato shi Gautama, da Amitabha, da wanda suke kira Budan magani. Gabansu ake ajiye furanni da 'ya'yan itace da fitilu da turaren wuta. Kowa yakan tuɓe takalmi kafin ya shiga.

Cin abinci ma wani sashe ne na ibada. Ba nama, ba kifi, kuma a al'adar sufayen Sin har albasa da tafarnuwa ana ƙaurace musu. Shinkafa ce da ganye da awara da taliya. A zaman cin abinci na ƙa'ida ba a magana. Kowa yana zaune da kwanoninsa a gabansa, masu rabo suna bi layi-layi. Mai son ƙari sai ya turo kwanonsa bakin teburi, ya nuna da sandar cin abinci iya inda yake so a zuba masa. Ba a barin ko ƙwayar shinkafa, domin abincin sadakar mabiya ce, zubar da shi kuwa cin amana ne.

Ranar Lahadi ce ta jama'ar gari. Iyalai kan zo daga Johannesburg da Pretoria, waɗansu sanye da baƙar rigar ibada, a yi karatu, a saurari wa'azi, sannan a ci abincin rana tare. Mabiyan da ba sufaye ba suna cikin ƙungiyar da Hsing Yun ya kafa musu, wadda aka ƙaddamar da hedikwatarta ta duniya a Los Angeles a 1992. Su ne ƙashin bayan haikalin: su ke girki, su ke shara, su ke tarbar baƙi, su ke tara gudummawa. Wanda ya ɗauki alkawarin zama cikakken mabiyi yakan riƙe dokoki biyar: ba kisa, ba sata, ba zina, ba ƙarya, ba kayan maye. Ana kuma shirya zaman keɓewa na ƙarshen mako don koyon natsuwa da zuzzurfan tunani, kuma da yawa daga masu zuwa 'yan ƙasar ne, baƙaƙe da farare, waɗanda ba su bar addininsu ba.

Bukukuwa

Babban taron shekara shi ne na sabuwar shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Dubban mutane kan cika harabar. Ana rataya jajayen fitilun takarda, a yi wasan tartsatsin wuta, samari su shiga cikin rigar zaki da ta dodon Sinawa su yi ta tsalle da kiɗan ganga, ga rumfunan abinci, ga masu nuna wasan kokawar kunfu, ga kuma makaɗa da masu rawa na ƙabilun ƙasar. Mafi yawan 'yan kallon ba mabiya Buda ba ne.

Wajen watan Mayu ake bikin haihuwar Buda, inda mutane ke bin layi, kowa ya ɗebi ruwa mai ƙamshi da ɗan ludayi ya zuba wa ƙaramin gunkin jariri, alamar wanke zuciya. A wata na bakwai na kalandar Sinawa kuma ake bikin Ullambana, na tunawa da iyaye da kakannin da suka rasu, inda ake rubuta sunayensu a takardu, a yi musu karatu, a ba sufaye sadaka. Ga wanda kabarin iyayensa ke can ƙetaren teku, wannan biki na da nauyi ƙwarai.

Makaranta da ayyukan taimako

A 1994 aka buɗe makarantar horar da sufaye 'yan Afirka a harabar haikalin. Samari sun zo daga Kwango da Malawi da Tanzaniya da Madagaska da sauransu, ana ba su karatu da abinci da makwanci kyauta na tsawon shekara uku. Suna koyon harshen Sinanci da littattafan addini da ladubban sufanci, waɗanda suka yi fice kuma a tura su Taiwan. Kaɗan ne suka dawwama a sufanci. Rashin aure abu ne mai wuya a al'ummar da ke auna mutum da iyalinsa, ga kuma baƙon harshe da baƙon abinci. Da yawa sun koma gida da Sinanci a baki, wanda ya zame musu hanyar abinci a matsayin tafintoci da kamfanonin Sin suka yawaita a Afirka.

Ta fuskar taimako, an san haikalin da rabon kekunan guragu, da barguna da abinci a lokacin hunturu, da koyar da kwamfuta ga matasan unguwannin talakawa da ke kewaye, da kuma ziyarar gidajen yari. Shi kansa Hui Li ya bar shugabancin haikalin ya koma kafa gidajen marayu masu suna Amitofo, masu zaman kansu, ya fara da Blantyre ta Malawi, daga baya aka buɗe a Zimbabuwe da Lesotho da Eswatini da Namibiya. Yaran na karatun boko na ƙasarsu, haɗe da Sinanci da kunfu. Wannan tsari ya jawo muhawara: waɗansu na ganin ceto ne ga yaran da ba su da kowa, waɗansu na ganin ana raba yaro da harshensa da addinin iyayensa. Wani fim na 2019 mai suna Buddha in Africa, na Nicole Schafer, ya bi rayuwar ɗaya daga cikin yaran Malawi a kan wannan tsaka-mai-wuya.

Jarrabawa da sauyi

Abu biyu sun girgiza al'ummar haikalin. Na farko, ranar 1 ga Janairun 1998 gwamnatin Nelson Mandela ta yanke hulɗar jakadanci da Taiwan ta ƙulla da Sin. Wannan, da ƙarewar tallafin masana'antu, da tsoron 'yan fashi, da gasar kayan Sin masu arha, suka sa 'yan Taiwan suka yi ta tattara nasu-ya-nasu, har yawansu ya sauko ƙasa da 10,000. Unguwar Cultura Park ba ta cika yadda aka yi mafarki ba. Na biyu, ranar 30 ga Oktoban 2002 wata ƙungiyar Turawa masu tsattsauran ra'ayi da ake kira Boeremag ta tayar da bama-bamai a Soweto, inda mace guda ta rasu, wani masallaci kuma ya lalace. A ranar ne wani bam ya fashe a haikalin, ya raunata mutum biyu. An yanke wa 'yan ƙungiyar hukunci a 2013 bayan doguwar shari'a.

Gurbin da 'yan Taiwan suka bari, sababbin baƙi daga babban yankin Sin ne suka cike wani sashe nasa, tare da 'yan ƙasa masu zuwa koyon natsuwa da masu yawon buɗe ido. Haikalin na da rassa a manyan birane irin su Johannesburg da Durban da Cape Town da Bloemfontein. A wasu sassan nahiyar ma an sami sababbin cibiyoyi. A Akara ta Gana, ɗariƙar Nichiren Shoshu ta Japan ta buɗe haikali a 1998, mafi yawan mabiyansa kuma 'yan Afirka ta Yamma ne. A Yuganda, wani ɗan ƙasar mai suna Bhante Buddharakkhita ya kafa cibiya kusa da Entebbe a 2005, ya haɗa koyarwa da haƙa rijiyoyin burtsatse ga ƙauyukan kewaye. Duk da haka, mabiya Buda 'yan tsiraru ne ƙwarai a Afirka, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar nahiyar ba, kuma yawancin masu cin moriyar haikalansu Kiristoci ne da Musulmi da masu addinin gargajiya.