Mai Shayar da Sarki

A zamanin da, sarakuna sun fi jin tsoron ƙoƙon sha da mashin abokin gaba, gama mashi ana ganinsa tafe, amma dafi ba ya sallama. Saboda haka ba kowane bara ne ke miƙa wa sarki abin sha ba, sai wanda aka amince da shi ƙwarai. Shi zai fara kurɓa, sa'an nan ya miƙa. Aikin nan tsoho ne, har ya zo cikin labarin Annabi Yusufu: ɗaya daga cikin samari biyun da aka ɗaure tare da shi a Masar, da ya fita kurkuku shayar da ubangidansa ya koma yi.

Wanda ke tsaye kusa da bakin sarki kuwa, bai yi nisa da kunnensa ba. A Ingila ana ce wa irin wannan bara Butler, watau mai kula da kwalabe, kalmar kuwa daga Faransanci ta samo asali. A shekarar 1185 wani mutum, Theobald Walter, ya raka Yarima John zuwa tsibirin Ayalan, yamma da Ingila, aka ba shi sarautar Babban Butler na tsibirin. Sarautar ta zama gado, har zuriyarsa suka mai da ita sunansu. Ladanta ba kaɗan ba ne: duk jirgin ruwan da ya shigo da ganga 20 na giyar inabi ko fiye, ganga 2 nasu ne. Suka ƙasaita, a 1328 aka naɗa ɗayansu hakimin Ormond, a 1391 suka sayi babban gidan Kilkenny. Tambarinsu bai ɓoye asalinsu ba, kofuna uku ne a jikinsa. Sai a farkon ƙarni na 19 gwamnati ta fanshi haƙƙin gangunan nan da fam 216,000.

Ainihin aikin kuwa ya ci gaba a hannun talakawa. A gidajen attajiran Ingila na ƙarni na 19, Butler shi ne shugaban barori maza. Makullan ɗakin giya suna hannunsa, shi ke lissafin kwalabe, shi ke tsaron kayan azurfa, sau da yawa ma kusa da su yake kwana. Bayan yaƙin 1914 barori suka yi wuya, manyan gidaje suka fara gagarar masu su. A 1967 magajin zuriyar Butler ya sallama wa mutanen Kilkenny gidan kakanninsa a kan fam 50.