Daga Kurmin Amazon Zuwa Tukunyar Bakteriya: Tarihin Neman Roba

A shekarar 1876 wani Baturen Ingila, Henry Wickham, ya kwashi 'ya'yan itacen roba wajen 70,000 daga kurmin Amazon na ƙasar Birazil, ya kai su lambun Kew da ke Landan. Kaɗan ne suka tsira, amma daga waɗannan kaɗan ɗin aka aika da dashe zuwa Silon da Malaya. Galibin itatuwan robar da ake tatsa a Asiya jikokinsu ne. Watau dai tayoyin duniya sun dogara ga zuriya ƙwaya ɗaya, kuma zuriyar tana da maƙiyi, wata cutar ganye ta Kudancin Amurka, wadda ta taimaka wajen karya gonar da Henry Ford ya kafa a Birazil a 1928. Cutar ba ta kama gonakin Asiya ba tukuna.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya fara nuna hatsarin. Da Japan ta ci Malaya a 1942, Amurka ta rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na robarta, ta koma haɗa wata daga man fetur. Ta wadatar a lokacin, sai dai har wa yau tayar jirgin sama da ta manyan motoci ba sa yi sai da robar itace, domin ita ta fi jure zafi da nauyi.

Hanyar bakteriya ta buɗe ne a 1973, sa'ad da Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna ana iya dasa ƙwayar gado cikin bakteriya ta yi aiki. Roba kuwa sarƙa ce, wadda aka jera dubban ƙananan zobba masu suna isofirin a cikinta. A 2008 kamfanonin Goodyear da Genencor suka haɗa gwiwa, aka sa wa bakteriyar E. coli ƙwayar gadon tsiro, ana ba ta sukari tana fitar da isofirin a matsayin iska, ana tarawa. A 2009 aka nuna tayar gwaji a Kofanhagan.

Amma fa samun zobe daban, ƙera sarƙa daban. Bakteriyar zobba kawai ta bayar, masana'anta ce ta jera su, abin da ya fito kuwa ɗan'uwan robar fetur ne. Itacen yana ƙera tasa sarƙar a jikin wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo cikin farin ruwansa, da taimakon sinadarai da dama masu aiki tare. A 2016 ne masana a Jami'ar Tohoku ta Japan suka sake harhaɗa wannan aiki a ɗakin gwaji, su ma a kan ƙwayoyin da suka ɗebo daga itacen kansa. Robar da ke kasuwa kuwa, manoman Tailan da Indunusiya da Kwaddibuwa ne ke tatsar ta da wuƙa tun da asuba.